Ɓarawon da ke shigowa ta waya

A ƙasar Madawa da Buza da Keita, da wuya a sami gidan da ba shi da mutum a waje. In an gama yankan hatsi, samari su ɗauki jaka su tafi cin rani. Waɗansu su nufi Sakkwato ko Kano ko Legas, waɗansu Abijan, waɗansu kuma su haura Agadas zuwa Aljeriya da Libiya. A da, in mai cin rani zai aiko da kuɗi gida, sai ya jira wani ɗan garinsu mai komowa. Ya ƙulle kuɗin a tsumma, ya danƙa masa. Gaisuwa kuwa a wasiƙa ake rubuta ta, ko a ɗauke ta a kaset. Wanda ya kawo saƙo an san shi, an san ubansa, an san gidansu.

Yau waya ta ɗauke wannan aiki. Kuɗi su taso daga Abijan da hantsi, kafin azahar an karɓe su a Tamaske ko Bangi. Manomin albasa a kwarin Tarka ya ji kuɗin buhu a Akara ba tare da ya bar gonarsa ba. Wannan alheri ne babba. Amma hanyar da kuɗi ke bi, ita ɓarawo ma yake bi. Wannan ɓarawo ba ya haura katanga, ba ya fasa rumbu, kare ba ya yi masa haushi. Yana can zaune wani gari, da waya a hannu.

Yara, wannan magana ta shafe ku ƙwarai. A gidaje da yawa, in saƙo ya shigo wayar baba ko ta inna, ku ake kira ku karanta. Yawancin saƙonnin da Faransanci suke zuwa. Ku ne kuka iya karatun Hausa da na Faransanci. Abin da kuka ce saƙo ya ƙunsa, shi iyayenku za su yi aiki da shi. Ashe mabuɗin gida yana hannunku, ko ba ku sani ba.

Saƙo ba shi da fuska

Intanet hanya ce da ta haɗa wayoyi da kwamfutocin duniya. Wayarku tana magana da dogon ƙarfen nan na rezo da kuke gani bayan gari. Shi kuma yana miƙa maganar gaba, har ta kai inda aka aike ta. A Nijar kamfanoni huɗu ke wannan aiki: Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom, da Niger Télécoms.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. In mutum ya yi sallama ƙofar gida, ana ganinsa. In ya ce shi jandarma ne, a dubi tufafinsa. A waya ba haka ba ne. Kowa yana iya rubuta sunan da ya ga dama. Kowa yana iya ɗaukar hoton wani ya liƙa a kan lambarsa. Tambarin banki ko na kamfani ma ana kwafarsa cikin minti guda. Don haka suna da hoto ba shaida ba ne.

Lambar asiri

Ku san yadda aiken kuɗi yake. Mai aikowa ya je NITA, ko Amana, ko Al Izza, ya biya, ya faɗi sunan mai karɓa da lambar wayarsa. A ba shi wata lamba ta wannan aike. Mai karɓa ya je da lambar da katinsa na ɗan ƙasa, a ƙirga masa kuɗinsa. Waɗansu kuma a cikin wayar suke ajiye kuɗi, kamar Airtel Money ko MyNITA. Wannan ajiya tana da lambar asiri, wadda mai ita kaɗai ya sani. Wasu suna ce mata kod.

Ɓarawo ba ya iya buɗe ajiyar da ƙarfi. Sai an ba shi lambar. To, yaya zai sa mutum mai hankali ya ba shi da bakinsa? Ga yadda yake yi. Mu ɗauka waya ta yi ƙara, tsoho ya ɗauka.

"Salamu alaikum, Alhaji. Daga kamfanin waya nake kira. Muna gyaran layuka. In ba a gyara naka yanzu ba, za a rufe shi, kuɗin da ke ciki su ɓace."

"Subhanallahi! To, ɗana, me zan yi?"

"Abu kaɗan ne, Alhaji. Faɗa mini kod ɗinka in shigar da shi. Amma ka hanzarta, saura minti biyar."

Ku dubi maganar nan da kyau. Ya girmama tsoho, ya kira shi Alhaji. Sa'an nan ya tsorata shi. Sa'an nan ya hana shi lokacin tunani. Waɗannan minti biyar su ne makaminsa. Ya san in tsoho ya kashe waya ya tambayi ɗansa ko maƙwabcinsa, asiri ya tonu. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar asirin mutum, ko a waya ko a ofis. Ba ya bukatarta. Duk wanda ya tambaye ta, ko da wace irin murya mai daɗi, ku ce wa baba ya kashe waya.

Lambar asirin ma a zaɓe ta da hankali. Mutane da yawa suna sa 1234, ko 0000, ko shekarar haihuwarsu, don kada su manta. Waɗannan ɓarawo yake fara gwadawa. Kada kuma a rubuta ta a takarda a cusa bayan waya. Wanda ya tsinci wayar ya tsinci ƙofa da mabuɗinta.

"Na yi kuskure, mayar mini"

Wannan dabara ta fi ta farko wayo, gama ba tsoro take nema ba, kirkin mutum take nema. Saƙo ya shigo, ya ce an zuba maka jikka 20. Jim kaɗan wani ya kira, kamar zai yi kuka. Ya ce kuɗin maganin uwarsa ne, ya kuskure lamba ɗaya, don Allah a mayar masa. Mutumin kirki ba ya son cin haƙƙin wani. Sai ya aika jikka 20 daga nasa. Daga baya ya duba, ya ga ba abin da ya shigo tun farko. Saƙon nan ɓarawon ne ya rubuta shi da hannunsa, ya kwaikwayi na kamfani.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Ku dubi inda saƙon ya fito. Na gaskiya da sunan kamfani yake zuwa, a wurin da sauran saƙonninsa suke taruwa. Na ƙarya yawanci daga lambar mutum yake, mai alƙaluma 8 irin ta kowa. Amma kada ku tsaya nan. Ku duba abin da ke cikin ajiyar da kanku. In kuɗi ba su ƙaru ba, ba a aiko kome ba. In kuwa sun ƙaru da gaske, a je wurin wakilin kamfani, shi ya san yadda ake mayarwa.

Fataken albasa ma suna gamuwa da irin wannan. Mai saye daga nesa ya aiko hoton takardar biya ta WhatsApp, ya ce a loda wa mota. Hoto ba kuɗi ba ne. Yaro mai wayo yana iya sake alƙaluman hoto da ƴar wayarsa. Albasar da aka yi wata huɗu ana ban ruwa, ba a sake ta don hoto. Sai kuɗi sun shiga hannu, ko an gan su cikin ajiya.

Muryar ɗan uwa

Akwai wadda ta fi duka ciwo. Da dare a kira uwa, a ce ɗanta da ke Libiya yana hannun waɗansu mutane, ko mota ta buge shi yana asibiti. A ce a aiko jikka 100 kafin gari ya waye. Uwa ba ta tsayawa lissafi a irin wannan hali. Sai a sayar da akuya, a sayar da tunkiya, a ci bashi.

Abin da ya sa dabarar take ci shi ne, irin wannan masifa tana faruwa da gaske a hanyar hamada. Don haka ba a cewa ƙarya ce kai tsaye. Bincike ake yi. Ku fara da lambar da ta kira. Kowace ƙasa da alƙaluman da take farawa da su: Nijar 227, Najeriya 234, Gana 233, Kodibuwar 225, Aljeriya 213, Libiya 218. In an ce daga Libiya ake kira, ga shi lamba ta fara da 227, akwai tambaya. Sa'an nan a kira ɗan da kansa a lambarsa da aka saba. In ba a same shi ba, a kira abokan tafiyarsa. Mai cin rani ba ya zama shi kaɗai. Kullum akwai ƴan garinsu kusa da shi.

In an ba ku wani a waya yana kuka, yana cewa "Inna, ni ne", kada murya ta ishe ku. Yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum, in ta sami saƙon muryarsa ta saurara. Ku tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani. Wane laƙabi kaka take kiransa da shi? Wane itace ke tsakiyar gonarsu ta gabas? Ɗan gida zai amsa nan take. Baƙo sai ya fara faɗa, ko ya ce rezo ba kyau.

Wani lokaci saƙon neman kuɗi daga lambar ɗan uwan ta gaskiya yake fitowa a WhatsApp, da hotonsa da kome. Yaya aka yi? An sace masa WhatsApp ne. In mutum zai buɗe WhatsApp a sabuwar waya, ana aiko masa da lamba mai alƙaluma 6. Ɓarawo ya rubuta lambar wayarka a tasa wayar, alƙaluman nan 6 su zo maka. Sai ya kira ka, ya ce za a sa ka cikin wata ƙungiya ta taimako, ko ta wa'azi, karanto masa abin da ya shigo. Da ka karanta, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa. Daga nan ya bi ƴan uwanka yana roƙo da sunanka. A cikin WhatsApp akwai wurin sa kwaɗo na biyu, wata lambar asiri da kai za ka zaɓa. Ku nemi malam ko wani yayanku ya nuna muku, ku sa wa iyayenku. Aikin minti biyu ne.

Kyautar da ba a nema ba

"Félicitations!" Da wannan kalma saƙonni da yawa suke farawa. Wai ka ci mota, ko babur, ko mega kyauta. A ƙasa akwai shuɗin rubutu, an ce ka taɓa shi, ka kuma aika wa mutum 20. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, an yi ta yaɗa irin waɗannan da sunan Hukumar Lafiya ta Duniya, har hukumar ta fito ta yi gargaɗi. Ku tambayi kanku: na shiga wata gasa? Wanda bai sa rago a kasuwa ba, yaya za a ce an saye ragonsa? In an taɓa shuɗin rubutun, shafi ya buɗe mai kama da na kamfani. A nemi suna da lamba da kod. Ko a ce ka biya jikka 5 na takardu kafin a kawo motar. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun daɗe da sanin wannan sana'a. Suna kiranta 419, wato lambar sashen dokarsu da ke hukunta zamba. A 2016 wani shiri ya bazu can ta intanet, sunansa MMM. Wani mutumin Rasha, Sergei Mavrodi, shi ya ƙago shi. An ce wanda ya zuba kuɗi zai sami ƙarin 30 bisa 100 kowane wata. Ku ɗauki alli mu lissafa. Jikka 10 ta zama 13 bayan wata ɗaya. Bayan wata biyu ta kusa 17. In aka bar ta shekara guda, ta kai wajen jikka 233. Wace gona ke ba da haka? Wane kiwo? Babu. Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su. Na farko su yi ta yabo, su jawo ƴan uwansu. A watan Disamba na 2016 aka tsayar da biya, mutane masu yawan gaske suka rasa dukiyarsu. Ba a daina ba: a watan Afrilu na 2025 wani mai suna CBEX ya rushe a can, bayan ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30.

Ku gwada wannan da adashin da iyayenku mata suke yi. A adashi, abin da mace ta zuba shi take kwasa, ba ƙari. An san uwar adashi, an san ɗakinta. Shi ya sa yake daɗewa.

Cutar waya

Duk waɗanda muka faɗa, da baki suke sata. Akwai kuma ɓarawon da ba ya magana da kowa. Shi aike yake yi.

Kowane aiki da waya take yi, akwai umurnin da aka rubuta mata. Tarin umurnin nan shi ake kira manhaja. WhatsApp manhaja ce, wasan ƙwallon da ke cikin waya ma manhaja ce. Mugun mutum yana iya rubuta tasa, wadda za ta shiga waya ta ɓuya, ta yi masa aiki. Masu gyaran waya suna ce mata birus, domin tana yaɗuwa daga na'ura zuwa na'ura kamar ƙyanda a cikin yara. Amma ku gane, ba ƙwayar cuta ce mai rai ba, ba ta kama mutum. Rubutu ne kawai, ɗan Adam ya yi shi.

Abin ya girmi wayar salula. A 1986 waɗansu ƴan uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta wata mai suna Brain, ta bi faifan kwamfuta ta kai ƙasashe masu nisa. A watan Mayu na 2017 wata mai suna WannaCry ta kama kwamfuta fiye da 200.000 a ƙasashe wajen 150 cikin ƴan kwanaki. Tana kulle duk abin da ke cikin na'ura, ta ce sai an biya dalar Amurka 300 za ta buɗe. A Ingila asibitoci da yawa suka kasa duba takardun marasa lafiya, aka ɗage ayyuka. Abin takaici, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe wannan kafa tun watan Maris. Waɗanda suka sa gyaran sun tsira. Don haka in waya ta ce tana son sabuntawa, kada a yi ta ɗagawa don tsoron cin mega. Yaɓen katanga ne kafin damina.

A wajenmu, ta ina cutar take shiga? Sau da yawa ta hannun aboki. Samari suna son waɗansu irin WhatsApp da aka sake wa fasali, kamar GB WhatsApp, domin suna da launi da dabaru da na ainihi ba shi da su. Ba kamfanin WhatsApp ya yi su ba, ba a kuma samunsu a Play Store. Daga waya zuwa waya ake tura su, ta Xender ko Bluetooth. A 2021 masu bincike na kamfanin Kaspersky suka sami wata muguwar manhaja mai suna Triada ɓoye cikin ɗaya daga irinsu, FMWhatsApp. Tana iya karanta saƙonnin mai waya, ta kuma sa shi cikin ayyukan biya da bai nema ba. Ku tuna alƙaluman nan 6 da saƙo suke zuwa. Wanda ke karanta saƙonninka ba ya bukatar ya kira ka.

Wata ƙofar ita ce rumfar caji da ta tura waƙoƙi da finafinai a kasuwa. Yawancin masu wannan sana'a mutanen kirki ne, abincinsu suke nema. Amma kwamfutar da kati ɗari ya shiga a rana, in ɗaya yana da cuta, sauran sun ɗauka. In za a bar waya wurin caji, a kulle ta tukuna.

Kowace manhaja, in an sa ta, takan nemi izini. Ku karanta abin da take nema. Tocila ce, amma tana son ganin saƙonni da sunayen mutanen da ke cikin waya? Me haske ya haɗa da sunayen mutane? A hana ta, a cire ta. Waya mai cuta takan nuna alama. Ta yi zafi ba a aiki da ita. Batir ya ƙare da wuri. Kiredi ya riƙa raguwa ba a kira kowa ba. Hotunan talla su yi ta faɗowa, wani lokaci na rashin kunya. In an ga haka, a cire manhajojin da ba a san asalinsu ba. In abin ya ƙi, a kwashe hotuna da lambobi, a kai wa mai gyara ya wanke wayar, a sake dukan lambobin asiri.

In an riga an cuci mutum

Mutane da yawa, in aka yi musu wannan sata, shiru suke yi. Suna jin kunya a ce an yi musu wayo. Wannan shiru shi ɓarawo yake so, don gobe ya kira maƙwabci da dabara iri ɗaya. Ba wauta ba ce. Malamai da manyan ƴan kasuwa ma an cuce su.

Farko a hanzarta zuwa wurin wakilin kamfanin da aka aika kuɗin ta hannunsa. In ba a riga an karɓe su ba, wani lokaci ana iya tsayar da su. A sake lambar asiri nan take. In WhatsApp aka sace, a kira ƴan uwa a gaya musu kada su aika wa kowa kome. Sa'an nan a tafi komisariya ko wurin jandarmomi. Ƙasarmu tana da doka a kan laifuffukan da ake yi da na'ura, doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga watan Yuli na 2019, wadda aka yi wa gyara daga baya. Zamba ta waya laifi ce kamar satar saniya.

Kada ku share saƙonnin don haushi. Su ne sawun ɓarawo. Ku rubuta a littafinku lambar da ta kira, da rana, da lokaci, da yawan kuɗin, da sunan da aka ce a aika wa. Kowane layin waya da katin ɗan ƙasa ake yankarsa, masu bincike kuwa sunan da ke kan layi suke fara bi. Saboda haka in wani baƙo a tasha ko a kasuwa ya roƙi yayanku ya yankar masa layi da katinsa, ko da zai ba shi jikka guda, ku gaya masa ya ƙi. Ranar da aka yi sata da layin nan, ƙofar gidanku jandarma zai yi sallama.